Tambaya ta Bakwai

Zuwa ga Sista mai kula da Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da abokan aikinki. Allah ya saka miki bisa ɗawainiyar da kike yi da 'ya'yan mutane.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Boko da girmana na tsince shi a ajin manya, hannuna ya fi sabawa da ajami. Na naɗe wannan takarda a cikin fom ɗin iyali ne saboda ba zan iya faɗar abin da ke cikinta a gaban yarinyar ba, kuma duk zuwanmu asibiti tana zaune kusa da ni, gwiwarta na taɓa tawa.

Sista, haƙuri na zo ba ki. Wata biyar ke nan da aka sallamo Auta, kowane wata kuna ba ni fom mai tambaya goma sha biyu in faɗi yadda na ga jikinta, daga sifili zuwa huɗu. Wata biyar ina zagaye sifili tun daga sama har ƙasa, wai babu matsala. Akwai matsala.

Ban yi da niyyar ƙarya ba, ko da yake yanzu na gane sunanta ke nan. Mu an tashe mu a kan in an tambaye ka jiki ka ce da sauƙi, ko da kana kan gargara. Malaminmu na allo kuma ya sha ja mana kunne a kan giba da tonon asiri. Sai na ga ta yaya zan zauna in jera aibun 'yar da na haifa a takarda, in miƙa wa baƙi?

Ranar Talata da likita ya jera fom ɗina biyar a kan tebur, ya yi murmushi ya ce, "Mama, hanya ta miƙe. Za mu rage ƙwaya, zuwa kuma ya koma wata uku-uku," sai na gane ɓarnar da na yi. Ashe da zagayen birona yake auna maganin 'yata. Ni ina tsammanin gaisuwa nake amsawa, ashe shaida nake bayarwa. Ɓoye shaida kuwa kin san hukuncinsa.

To ga gaskiya. Ta juya madubin ɗakinta yana kallon bango. Wayarta tana cikin tukunya a rufe da murfi, ta ce a nan ba sa jin ta. Ba ta cin abinci sai na ci loma uku daga kwanon a gabanta. Tana zuwa shagon buga takardu inda take aiki, mai shagon ma ya ce babu mai saurinta a kwamfuta, amma kullum sai ta canja hanyar da take bi. Wani lokaci tana wanke-wanke sai ta tsaya ta ce, "Na ji, na ji," alhali babu wanda ya yi magana.

Makon jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, ke dai ba kya cikinsu ko?" Na ce ba na ciki. Ta ce, "Na sani. Da ke 'yar leƙen asiri ce da tuni sun kore ki. Wannan silifas ɗin naki daga bakin titi ake jin sa." Muka yi ta dariya. Barkwancin na ubanta ne, Allah ya jiƙansa, ciwon bai taɓa shi ba.

Roƙona biyu ne. Kada a rage mata magani bisa shaidata ta baya. Kuma don Allah kada ki gaya mata na rubuto. A duk duniya ni kaɗai na rage mata wadda ba ta zargi.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri. Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyar Auta

* * *

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Ki kwantar da hankalinki, ba a kanki aka fara ba. Da za a tara fom ɗin iyaye na wannan sashe, sai ki rantse ba mu da marar lafiya ko ɗaya, mu ne dai muke zuwa shan iska. Auta ma a nata fom ɗin sifili take zubawa. Ashe gado ne.

Ki ɗauki fom ɗin nan kamar awon jariri. Tambayoyin ba sa canjawa, da gangan ne, don mu jera na wannan wata kusa da na wancan mu ga ko ana hawa ko ana gangarowa tun kafin a faɗi. Ciwon Auta sabon kamu ne, kuma shekaru biyu ukun farko su ne ginshiƙi. Abin da aka gyara a cikinsu yakan zauna. Na yi magana da likita. An fasa ragin, an ɗan sauya maganin, zuwa kuma yana nan wata-wata.

Ni ma roƙona biyu ne. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani a ranar da kika gan shi, saboda zuciyar uwa mantuwa gare ta, kafin ƙarshen wata ta yafe komai. Na biyu ya fi na farko nauyi: ki gaya mata kina yi. Na san abin da kike tsoro. Amma ciwon nan na zargi ne, Mama, duk abin da aka yi a ɓoye, ko alheri ne, abincinsa ne. Ki zaunar da ita ki nuna mata littafin, in ta yarda ma ku riƙa cikawa tare.

Mako mai zuwa zan tafi kwas na wata uku, wata za ta riƙe mini marasa lafiyata. Kada ki jira dawowata.

Ki gaida Auta a zuci, tun da ba za ki ce daga ni ba ne.

Taki,
Sista

* * *

Zuwa ga Sista,

Assalamu alaikum. Da fatan karatu yana tafiya daidai, Allah ya sa albarka a ciki. Na ba wadda ta riƙe miki aiki wannan takarda a rufe, ta ajiye miki har ki dawo. Na kasa jira ne.

Na sayi littafin. Da ajami nake rubutawa don kada ido ya faɗa kai, ina ajiye shi a ƙarƙashin murfin keken ɗinkina. Ina sa rana da lokaci. A ƙasan kowane shafi ina yi mata addu'a layi ɗaya, don kada shafin ya tashi da aibu kaɗai.

Maganin ya karɓe ta, alhamdu lillahi. Madubi ya juyo. Waya ta fito daga tukunya, har ta ce in dafa wani abu a ciki tun da 'yar haya ta tashi. Loma ukun nan ta koma ɗaya, sannan ta daina.

Amma ban gaya mata ba. Sau uku ina ɗaura niyya. Na farko ta dawo aiki a gajiye. Na biyu tana cikin fara'a, na ce kada in ɓata. Na uku na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarta ko ta ga almakashi.

Wata ranar Asabar da hantsi ta shigo ɗaki ta same ni ina rufe littafin. Ta ce, "Umma, me ake rubutawa haka kamar mai jarrabawa?" Na ce, "Addu'o'i ne." Ta ce, "To a sa ni a ciki." Ta fita. Na ce wa kaina ai akwai addu'o'in a ciki, ban yi ƙarya ba.

Jiya muka je asibiti. Tun bayan wasiƙarki Auta ta daina zuba sifili, gaskiya take cikawa a nata fom ɗin. Likita ya ce duk tambayoyin fom ɗin Auta sun sauka sai ɗaya, ta bakwai, wadda ke cewa: kina jin ana sa miki ido, ko ana rubuta abin da kike yi? Ta tashi daga ɗaya ta koma huɗu. Auta ta ce masa, a hankali, ba da hargowa ba, "Likita, muryoyin sun tafi. Amma wannan daban ne. A cikin gida nake jin sa. In na ɗauki cokali sai in ji ana duba agogo."

Likita ya juyo gare ni da murmushinsa ya ce, "Mama, akwai mai rubuta ta a gida?"

Sista, ita tana kallona da idon nan na wadda ta san za a kare ta. Na sunkuyar da kai na ce, "Mu biyu ne kaɗai a gidan."

Ya ce sauran ciwon ne, yakan yi gardama kafin ya fita. Ya ƙara mata magani. A hanya ta ce, "Umma, kin ga ni ko? Har ina neman zargin bangon gidanmu. Ki yafe mini." Ita ce take ce mini in yafe mata.

Zan gaya mata. Ina jiran jikinta ya ƙara ƙwari ne kawai. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifiyar Auta

* * *

Zuwa ga Sista,

Assalamu alaikum. An ce ranar Litinin za ki dawo. Allah ya kawo ki lafiya. Za ki tarar da takarduna biyu, ki fara da waccan.

Auta ta bar gida.

Ƙarin maganin ya sa hannunta rawa. Da farko kofin shayi ne yake kaɗawa a kan faranti, tana cewa ta samu ƙararrawa kyauta. Daga baya ya kai ga aikinta. Ta buga wa wani takardar neman aiki da kuskure tara, ya dawo yana faɗa a gaban mutane. Mai shago mutumin kirki ne, ya ce ta je ta huta. Da ta leƙa bayan mako biyu ta tarar da wata a kan kujerarta, har an ɗaga kujerar daidai tsawon waccan.

Zaman gida ya ishe ta. Ranar Alhamis na fita kasuwa, ita kuma ta ce bari ta gwada ɗinka rigar matashi ko hannun zai saba. Ta ɗaga murfin keken.

Na dawo na same ta a ƙasa, ta jingina da ƙafar keken, littafin a kan cinyarta. Ba ta ɗago ba. Ta karanta mini da ƙarfi, ba gargada ko ɗaya: "Laraba, ƙarfe biyu da kwata. Ta ci rabin kwano. Ta kalli taga sau huɗu. Ta yi dariya ita kaɗai." Ta ce, "Saƙo ƙawata ta turo mini, Umma. Shi na tuna na yi dariya."

Na manta, Sista. Wallahi na manta. Ni na koya mata ajami tana shekara shida, a kan cinyata, hannuna a kan nata. Da ta shiga boko ta daina rubuta shi sai na ɗauka ya tafi.

Da ta yi ihu, da ta fasa wani abu, da na ce ciwo ne. Ba ta yi ba. Hankalinta garau, ya fi nawa. Ta ce, "Shekara guda kowa yana ce mini abin da nake ji ba gaskiya ba ne. Na yarda. Na koyi in ƙaryata kunnena, in ƙaryata idona. Abu ɗaya tak na ji daidai, na faɗa a gaban likita, kika bari aka ba ni ƙwaya a kansa." Ta ɗaga hannuwanta biyu suna rawa ta ce, "Ga addu'o'inki."

Na ce don lafiyarta na yi. Ta ce ta sani, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce, "Yanzu in na ji wani abu, wa zan tambaya ko gaskiya ne? Da ke nake tambaya."

Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta sa maganinta a sama, ta nuna mini shi don in gani. Ta ɗauki littafin. Tana gidan Gwaggonta, yayar marigayi. Na je sau biyu. Gwaggo ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ke da ko ƙuda ba kya kashewa sai kin nemi fatawa, yau ke ce da wannan? Koma gida tukuna, yarinya ta ce ba yanzu ba."

Ba don ki wanke ni na rubuto ba. Kin gaya mini, ban ji ba. Ki kai wa likita maganar nan yadda take: huɗun da ke tambaya ta bakwai ni ce, ba ciwo ba. A cire mata abin da aka ƙara saboda ni.

Wassalam.
Mahaifiyar Auta

* * *

Mama,

Wa alaikumus salam. Na dawo, na karanta duka biyun. Na daɗe ban tashi daga kujera ba.

Kada ki kwashe laifin duka, ki bar mini kasona. Ni na ba ki shawarar littafin, kuma na tafi ban rubuta a fayil ɗinta cewa akwai shi ba. Layi ɗaya ne. Da na rubuta, da likita ya ga huɗun nan ya san inda zai fara tambaya. Na faɗa masa haka, na faɗa wa Auta haka. Kallona kawai Auta ta yi.

An mayar da maganin yadda yake. Rawar hannun tana raguwa. Tana zuwa a kan lokaci, ita kaɗai, da katinta a hannu. Iya abin da ta yarda in gaya miki ke nan, kuma daga yau ba zan wuce iyakar da ta sa ba. Ta nemi a cire sunanki daga fom ɗin iyali. Haƙƙinta ne, na cire. Gwaggo ta cika sau ɗaya, ta zagaye sifili goma sha biyu cikin minti guda, ta tambaye ni ko ta ci jarrabawar.

A sashenmu mun canja tsari. Yanzu mai ciwo da ɗan'uwansa tare suke cika fom ɗin iyali, a tebur ɗaya, kowa yana ganin biron kowa. In sun saɓa, mu rubuta duka biyun. Na san wannan bai dawo miki da komai ba.

Abu ɗaya ta ce in ƙara, da bakinta: tambaya ta bakwai ta koma sifili. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki ina murna da sifili. Wannan na rubuta shi ne na fita waje na tsaya.

Ta ce in kina da magana ki rubuto ta hannun Gwaggo. Ba ta ce za ta amsa ba.

Allah ya sassauta miki.
Sista

* * *

Auta, 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Gwaggonki. Ya ƙarfin hannun?

Na yaga takarda huɗu kafin wannan, saboda duk wadda na fara sai in ga ina kare kaina. Ba zan kare ba. Kin tambaye ni me nake rubutawa, na ɓuya a bayan addu'a. Likita ya tambaye ni, na ɓuya a bayan gaskiyar da ba ita aka tambaya ba. Ni da nake hana ki cewa "ba ta nan" in ina nan. Kin ji daidai, Auta. Kunnenki da idonki ba su yi ƙarya ba a wannan. Ina duba agogo in kin ɗauki cokali. Ina so ki samu wannan a rubuce da hannuna, ki ajiye, duk ranar da shakka ta zo miki ki ɗauko ki duba.

Tsoro na ji. Kin ce ni kaɗai ce ba na cikinsu, sai na riƙe wannan matsayi da hannu biyu, na hana ki gaskiyar da za ta iya ƙwace mini shi. Kaina na tsare, ke kika biya, da hannunki da kujerarki.

Na je wurin mai shago na gaya masa ba sakacinki ba ne. Ban faɗi ciwonki ba, na ce kuskurena ne ya shafe ki. Ya ce in hannun ya tsaya ki zo ku yi magana. Na gaya miki ne don kada ki ji daga wani wuri cewa na je. Daga yau duk inda na taka saboda ke, za ki ji daga bakina.

Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Rigar matashin tana kan keken, rabi a ɗinke, ban taɓa ba. Silifas ɗin ma yana nan yana damun maƙwabta.

Ban ce ki dawo ba, ba ni da bakin cewa haka. Ki sha maganinki. In kin ga dama wata rana ki yafe mini.

Ummanki

* * *

Umma,

Wa alaikis salam. Na samu takardarki, na ajiye ta yadda kika ce.

Da ajami na rubuto don ki san bai tafi ba. Hannun ya fara tsayawa, ki duba layukan.

Ga littafinki Gwaggo za ta kawo miki. Na karanta shi duka, sau biyu. Shafi ɗaya na cire, na ranar da na fito da waya daga tukunya. Ba ki sa lokaci ba a ranar, ba ki ƙirga komai ba. Kin rubuta, "Yau na ji muryar 'yata," sauran shafin duk addu'a ne, tawadar ta jiƙe a wuri biyu. Shi zan riƙe.

Sista ta ce fom ɗin iyali yana bukatar wanda zai zauna kusa da ni. Na ce a bar kujerar haka tukuna.

Kada ki zo asibiti ranar Talata. Ki bar rigar matashin a kan keken, kada ki ƙarasa mini.

Auta